Abin da Takalmi Ya Faɗa Mini

Rumfata tana gefen titin jirgi a Agege,
tsakanin mai shayi da mai cajin waya.
Basilla, zare, gam da guntun taya,
da su nake ci, da su nake karatu.
Ban yi boko ba, amma na iya karanta ƙafa.

La'asar in ta yi, filin bayan makaranta ya cika.
Fili na ce? Rabi yashi, rabi kwata,
in ruwan Ikko ya sauka sai ya koma fadama.
Raga kuwa gora biyu ce da igiyar shanya,
wadda Koci Barau da hannunsa ya kafa.

Barau da asuba albasa yake saukewa a Mil Sha Biyu,
da yamma ya rataya usur, ya ɗingiso.
Gwiwa ta ci amanarsa yana ɗan ashirin da uku.
Ba ya karɓar ko sisi, sharaɗinsa ɗaya:
sai ka nuna aikin makaranta kafin ƙwallo ka shafa.

Kawo mini takalmi in gaya maka mai shi.
Wanda hagunsa ya yage ta ciki na Sallau ne,
bahago mai lanƙwasa ƙwallo kamar lauje.
Mai cinyayyiyar dunduniya na Sikiru ne, ɗan baya,
da Yarbanci yake faɗa, da Hausa yake ba da haƙuri.
Akwai wanda Nduka da Tanimu suka yi karo-karo suka saya,
ɗaya ya buga kafin hutu, ɗaya bayan hutu,
yakan iso mini da warin mutum biyu, sharkaf da zufa.

Sai na Hansatu, gadon yayanta.
Ya yi mata yawa, tana cusa jarida a gaba.
Ran da ta fara zuwa an yi dariya har da riƙe ciki.
Ta zura uku, dariya ta lafa.

Bara wani ya zo da baƙin tabarau da ƙamshin turare,
ya tsaya nesa da taɓo, ya nuna Sallau da makullin mota.
Turai, in ji shi. Dubu ɗari shida, fasfo da biza.
Barau ya ce a bincika, aka ce hassadar gurgu ce.
Uban Sallau ya sayar da injin niƙansa.
Har yau lambar mutumin a kashe take,
kuɗin kuwa kamar dutse a teku aka jefa.

Wata huɗu takalmin Sallau na rataye a ƙusata.
Bai zo karɓa ba, ni ma ban aika ba.
Duk Juma'a nakan goga masa mai, kada fata ta bushe.
In ya wuce ta gaban rumfa sai ya kau da kai,
ni ma in sunkuya, asirin yaro in rufa.

Da aka kira gwaji a Surulere, na gaskiya, ba ko kwabo,
Barau ya loda tara a danfo.
'Yan kasuwa suka haɗa kuɗin mota,
mai shayi ya ba da burodi huɗu.
An ɗauki biyu: Hansatu, da Tanimu mai rabin takalmi.
A gaban rumfata Nduka ya kwance igiya,
ya ce, tafi da shi duka, ka biya ni da ci.
Ban san sanda na yar da basilla ba, na tafa.

Jiya Sallau ya zo, gemu ya fara tsiro.
Bai ce uffan ba, ya miƙa hannu, na sauko da shi.
Ga shi can ya jera gwangwanaye a yashi,
'yan shekara bakwai na kewaya su da ƙwallo,
yana cewa, ɗaga kai, Ilu, ƙasa ba za ta gudu ba!
Jirgin Ibadan ya wuce, ba wanda ya waiwaya.
Ni kuwa an ajiye mini wani ɗan ƙarami,
bakinsa a buɗe kamar mai hamma.
Ban san mai shi ba tukuna.
Na zura zare. Bari mu ga inda ya nufa.